Shayin Sarauniya da Kunun Haulatu

Da sunan Allah Mai rahama. Shugaban wannan zama, Injiniya Aruna, likitocinmu da malamanmu, direbobi da masu gadi da suka zo takanas daga birnin Lusail, iyayena mata, da ku na baya da shinkafa ta kawo, assalamu alaikum.

Ina godiya ga kwamiti da ya ba ni minti biyar. Malamar tarihi ce ni, minti biyar ko gaisuwa ba ya isa ta, amma zan kamanta.

Magana ta farko. A shekarar 1662 aka kai wata gimbiyar Fotugal, Katarina, ƙasar Ingila ta auri sarkinsu, Charles na Biyu. Ba ta jin Turanci. Matan fada suka yi ta dariyar tufafinta, suka yi ta dariyar gyaran gashinta. Ana cewa da ta sauka daga jirgin ruwa shayi ta nema, aka rasa, aka miƙo mata giya. Baiwar Allah ba ta bar shayinta ba. Tun ana kallon ta, har manyan mata suka koma kwaikwayo. Yau ku je ku raba Bature da shayi ku ga rigima.

Magana ta biyu, ƙanwata Haulatu, matar Munzali, wadda ke ɓoye fuska a can. Watanta takwas da zuwa ƙasar nan, tana zaune a unguwar Gharrafa. Ranar da ta tare, ta yi abin da mahaifiyarta ta koya mata a Kazaure: ta dama kunun gyaɗa ta aika wa maƙwabta, 'yan ƙasar nan. Sai aka dawo mata da fulas cike da karak, shayin madarar nan nasu. Ta kira ni tana kuka: "Yaya, sun raina kununa, sun nuna mini abin da mutane ke sha!" Na ce su ma ba sa mayar da kwano wayam, kamar mu. Ta ƙi yarda. Ta rufe ƙofa, kaɗaici ya ci ta, har ta ce wa Munzali khalas, wato shi ke nan, ranar Asabar za ta koma gida Kazaure. Ku dube shi yadda ya rame, hular ma ta yi masa yawa. Wallahi abin ya dame ni.

Magana ta uku. Zuwa da kai ya fi aike, don haka jiya na ƙwanƙwasa gidan maƙwabtan. Dattijuwar gidan ta riƙe hannuna ta ce wata takwas ke nan suna zagaye shagunan Mirqab suna neman farin abin nan da Haulatu ta aiko musu, kunyar roƙo ta hana su tambaya. Ta haɗo ni da fulas uku, nata da na 'ya'yanta biyu. Ga su nan a kan tebur, kuma wannan karon babu komai a ciki.

Haulatu, Katarina ta yi shekara talatin kafin ta koma ƙasarsu. Mu ba talatin muke roƙo ba. Ki ɗaga tikitin jirgin, ki cika musu waɗannan.

Allah ya sanya albarka a zamanmu, ya haɗa mu da maƙwabta nagari, ya mayar wa Munzali da ƙibarsa, ya kai kowa masaukinsa lafiya.

Na gode.