Mai Sayen Fure Ranar Laraba

A tashar mota, wata budurwa na zaune rungume da tukunyar fure. Wani dattijo ya zauna kusa da ita yana ta kallonta, ta ƙara matse jakarta.

"'Yata, wannan daga shagon tsohuwa mai furanni ne ko? Allah ya jiƙanta."

"Amin. Kakata ce. Ina ka san ta, Baba?"

"Duk Laraba nake sayen fure a wurinta."

"A shagon nan ta raine ni, kuma ban san fuskarka ba."

"Ai ba kya ɗagowa. Kullum kina ƙarƙashin tebur da littafi, ita kuma tana ɓoye almakashi tun ranar da kika yanke yatsa."

Budurwar ta janye hannunta cikin mayafi.

"Wa kake kai wa furen?"

"Ba kowa. A ɗakina suke bushewa."

"To me ke kai ka shagon?"

Ya daɗe yana murza hularsa.

"Da mahaifiyarki ta rasu, guduwa na yi na bar ki kina jaririya. Da na dawo, tsohuwa ta ce in riƙa zuwa ina ganin 'yata, amma kar in yi miki magana. Shekara goma sha tara ke nan. Yau na saɓa mata."