A Bar Mana Kallon Alhamis

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban wannan taro, shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, wanda a gida nake kira Baba. Mai girma shugabar makaranta, Hajiya Sakinatu. Uwar ƙungiyarmu ta masu karatu, Malama Mairo. Malamanmu masu haƙuri. Iyayenmu mata da suka bar tukunya bisa wuta, da iyayenmu maza da suka bar rumfa a kasuwa. 'Yan uwana ɗalibai, har da na layin baya masu ɓare gyaɗa a ƙarƙashin hijabi: ina gaishe ku gaisuwar girma.

Sunana Khairiyya. Ina gode wa Allah da Ya tara mu lafiya, ina gode wa Malama Mairo da ta duba makaranta kaf, ta zaɓo yarinyar da ko a aji ba a jin muryarta, ta ce ita za ta yi magana. In kun ga takarda na rawa, iska ce.

Zan fara da abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. An san ni da littattafan soyayya, amma ni ba soyayyar nake bi ba. In na zo inda ake kuka, ana rantsuwa, ana "in babu ke mutuwa zan yi", tsallakewa nake. Inda nake tsayawa shi ne inda yarinya ke dama fura, ruwa na sauka bisa kwano, babu mai neman kowa da faɗa. Na daɗe ina zaton ni kaɗai ke da wannan ciwo, sai da Malama Mairo ta fara nuna mana katun ɗin Jafan, wanda ake kira anime, kowace Alhamis bayan an tashi. Ashe can wata uwa duniya akwai mutanen da suka zauna suka zana ciwona, har da launi.

To, mun ji an ce bayan wannan taro kwamitin iyaye da malamai zai zauna ya yanke hukunci, ko a bar kallon nan ko a rufe shi. Mun san abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Amma ku ba mu dama mu faɗi abin da muka gani daga gindin rimin.

Na farko, an ce ɓata lokaci ne, don babu abin da ke faruwa a ciki. Wallahi ba a yi mana ƙazafi ba, babu abin da ke faruwa. Wata tsohuwa ce da gidan burodi a ƙauyen kan dutse. Ta tashi, ta share ƙofa, ta kwaɓa fulawa, maƙwabci ya zo aron tsani, rana ta faɗi. Shi ke nan, an gama na ranar. Amma iyayena, ku dubi yininmu. Mu fito cikin zafin Sakkwato, mu yi kokawar shiga keke, a yi gwaji, a yi bulala, mu koma gida wanke-wanke na jira. Ran mutumin da ya yini ana girgiza shi, ba ya son a ƙara girgiza shi da bindiga da gudun mota. So yake ya ga an zuba shayi, an ce sannu, an amsa.

Na biyu, an ce akwai dodo a ciki. Akwai. Ƙato ne mai fukafukai, mai fitar da wuta ta baki. Ya gaji da yaƙi, ya zo ya roƙi tsohuwa aikin hura tanda. Matsalarsa ɗaya a duniya, mura. In ya yi atishawa burodi ya ƙone, sai ya ɓoye fuska cikin fukafuki don kunya. Dodannin da kakanninmu ke ba mu a tatsuniya mutane suke haɗiyewa, kuma babu wanda ya kira taro a kansu. Akwai kuma ɗan gajimare da ke bin wata yarinya kamar ɗan akuya, yana shayar mata da lambu. Ƙawata Nabila, 'yar manoman Dundaye, da ta gan shi cewa ta yi, "Ke, da wanga namu na, da Babanmu ya bar duban gabas." Kuma babu abin da ke zuwa idonmu sai Malama Mairo ta tace shi. Ku da kuka san Malama, kun san rariyarta ko tsaki ba ya wucewa.

Na uku shi ne mai nauyi, ku yi mini uzuri. Malama kan zuba mana na makon a waya mu tafi da shi gida. Akwai wani dattijo a unguwar Gawon Nama, ɗan kasuwar hatsi, mai kwarjini. Ba zan faɗi sunansa ba, domin ɗiya ba ta faɗin sunan ubanta.

Ni 'yar fari ce a gidanmu. Kun san al'ada: ba a kiran sunana, ba a hira da ni, in za a aike ni sai a gaya wa bango in ji. Wata Juma'a da la'asar ina kallo a falo, sai dattijon nan ya shigo, wai fanka zai duba. Fanka lafiyarta lau. Ya tsaya bayana. A cikin katun mutanen ƙauye suna jibge buhunan alkama a rumbu mai laima. Sai na ji an ce, ana kallon fanka, "Waɗanga mutane ba su da hankali? Hatsi bisa ƙasa! Mi ya hana su aza katako?"

Ban juya ba. Na ce wa wayar, "Wataƙila mako mai zuwa su aza."

Juma'ar da ta biyo, fanka ta sake neman dubawa. Aka tambaye ta, "Shin hatsin nan ya tsira?" Na amsa wa waya. Tun daga ranar, shi da fanka, ni da waya, muna hira. Mun yi maganar farashin alkama, mun yi maganar maganin mura, har ranar da dodo ya ƙone labule na ji dariyar da ban san dattijon yana da ita ba. Iyayena, tun da aka haife ni ban taɓa samun hira irin wannan ba. In kuka rufe kallon Alhamis, Malama za ta daina zuba mana, fanka kuma za ta warke. Ina roƙonku, kada ku warkar da fankar nan. Ga shi ma har yau ba mu san ko hatsin ya tsira ba.

'Yan ƙungiya sun rubuta wasiƙar roƙo zuwa ga shugaban kwamiti, suka damƙa mini, wai ai gidanmu ɗaya. Na yi tunanin cusa ta cikin hularsa. Na yi tunanin ɗora ta bisa murfin kwanon tuwo. Yau ma da safe niyyata in ba Hajiya Sakinatu ta miƙa a madadina. Amma tunda na riga na tona asirin da ya fi wasiƙa girma, ban ga abin da ya rage na ɓuya ba.

Allah Ya saka wa iyayenmu da alheri, Ya albarkaci gona da kasuwa. Allah Ya ƙara wa malamanmu haƙuri, Ya ba mu ilimi mai amfani. Allah Ya sa kwamiti ya zauna da sanyin zuciya, Ya mai da kowa gidansa lafiya, ni ma Ya sa in shiga namu lafiya.

Baba, yanzu zan sauko, in durƙusa, in miƙa maka da hannu biyu. Ba sai ka dube ni ba. Ka miƙo hannu kawai.

Na gode.