Alkawarin Teku

A ɗakin jira na tashar jirgin ƙasa, wata tela ta matsa wa wani dattijo wuri a kan benci. Suna gama gaisawa ya kama ba ta labari.

"Birnin bakin teku na nufa, 'yata. Sati guda cur, yawon buɗe ido. Alkawari ne na yi wa mai ɗakina tun muna ango da amarya."

"Madalla, Baba! Me kuka shirya gani?"

"Komai ita ta tsara. Da tashar jiragen ruwa za a fara, sai kasuwar kifi. Ta ce lallai a hau kwalekwale, a ga yadda rana ke faɗawa cikin ruwa."

Tela ta waiga tana neman tsohuwar don ta taya ta murna.

"To ina Maman take?"

"Tana gida mana. Wa zai duba kaji? Ga jikoki."

"Au! Ba da ita za a je ba?"

"Haba 'yata, sati guda fa! Ai gidan watsewa zai yi. Ni kuwa ko wata na yi, ba mai lura."

"Amma Baba, ita aka yi wa alkawarin."

"Shi ya sa zan cika. Ni ruwa tsoro ma yake ba ni, don ita kawai zan daure." Ya zaro wata kwalba daga jakarsa. "Har ruwan tekun zan ɗebo mata tsaraba."

"Allah ya bar ƙauna," in ji tela.

"Amin. Mazan yanzu ina za su iya!"