Masu Karatu Goma Sha Ɗaya

A tashar Kazaure, ana jiran motar Roni, Mas'uda ta kalli wayarta ta yi ajiyar zuciya.

"Lafiya, 'yata?" in ji dattijon da ke gefenta.

"Baba, shekara guda ina sa labaraina a Facebook, mutum goma sha ɗaya ke karantawa. Gogewa zan yi."

"Kada ki goge. Ki tsayar da ranar sakawa, kada ki saɓa. Wanda ya yi magana, ki amsa masa."

"Kai ma kana rubutu ne, Baba?"

"A'a, 'yata ce mai rubutu. Ta rasu bara, har yau masu karatunta suna kirana mu gaisa. Ni kuwa tana raye ban taɓa karanta ko layi ɗaya ba."

"Allah ya jiƙanta."

"Amin. Karanta mini naki in ji."