A Allo Aka Zana Mana Kwamfutar

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, Allah ya ƙara basira. Sunana Sadiya daga Buji, kuma raina a ɓace nake rubuto miki.

Na karanci aikin kula da ɗakin karatu. Da aka kira ni intabiyu a Dutse, sati biyu na yi ina haddar lambobin jera littattafai. Har littattafan mahaifina na sauke na gwada, yana ta faɗa wai na hargitsa masa ɗaki.

Ranar intabiyu ko lamba ɗaya ba a tambaye ni ba. Wani dattijo ya turo min kwamfuta da littafi, ya ce, “’Yata, shigar mana da wannan.” Wallahi ban san ta inda zan fara ba. Mu a makaranta a allo aka zana mana yadda ake yi.

Na koma na roƙe su in riƙa zuwa kyauta ina koya. Suka ce ma'aikaci kaɗai ke taɓa kwamfutar.

To jama'a, ku ba ni shawara. Sai na iya za a ɗauke ni, sai an ɗauke ni zan iya. Ta ina zan shiga?