Banda kiret ɗin ƙasa

A rumfar mai ƙwai ne, ina jiran ruwan sama ya tsagaita, wata mai yin kek ta shigo da robar ruwa a hannu.

"Malam, cikin ƙwai ɗari nawa ne baragurbi?"

"Bai wuce biyar ba, Hajiya."

"To, mu ɗauka gaskiyarka ce, biyar ne. Ni kuma zargina shi ne sun fi haka. Zan tsoma ashirin a ruwa. Lalatacce ai tasowa yake yi."

"In ɗaya ya taso sai ki ce na yi ƙarya?"

"A'a, ɗaya ko biyu tsautsayi ne. Amma in huɗu suka taso, maganarka ta faɗi. Mu yanke wannan tun yanzu, kada ka gani ka canja baki."

"Ke ma'aikaciyar lafiya ce?"

"Kek ɗin biki aka dawo min da shi wancan makon."

"Ba ƙwaina ba ne! Kawo in zaɓo miki."

"Ka zaɓo? Ni zan ɗiba, idona a rufe."

"Ɗibi ko'ina, Hajiya. Banda kiret ɗin ƙasa."

Ta dube shi, ta tuntsurar da ruwan a bakin rumfa.

"Ka hutar da ni, malam."