Malam Sirajuddeen Ya Tafi Ba a Ba Shi Amsar Kwata Ba

Shekara da shekaru, duk taron da na miƙe a garin nan sai an ja mini riga an ce, “Baba Jabir, zauna, ba yau ba.” An faɗa mini haka a ƙofar masallaci, an faɗa a gidan suna, har a wajen rabon taki. Yau ga shi an miƙo mini lasifika da hannu biyu, amma sai da mutum ɗaya tilo da ke cewa a bar ni in yi magana ya kwanta dama. Abin ya yi mini ciwo, kuma na faɗa.

To, assalamu alaikum. Wakilin Hakimi, ranka ya daɗe. Manyan ƙaramar hukuma da kansilanmu, sannunku da zuwa. Liman, Allah gafarta Malam. Fasto Tobiya, sannu da ƙoƙari. Mai unguwa, barka. Hajiya Hajaratu, maiɗakin marigayi, da ke ’yarsa Zulfa da ƙannenki, Allah ya ba ku haƙuri, mu ma ya ba mu.

Ni mahauci ne, ban taɓa shiga aji ba. Malam Sirajuddeen kuwa alli ya riƙe har ya yi ritaya. Kwata ce ta haɗa mu. Wanda bai sani ba ya ji: muna da kwata a ’yar kasuwar unguwarmu, inda muke yanka. Wata safiya katafila ta zo ta rushe ta, aka ce za a gina ta zamani, mai famfo da tayil. Har yau awaki ke kiwo a wurin. Da kwata ta tafi, kasuwa ta bi ta, don wanda ya zo sayen nama shi ke sayen kuɓewa da daddawa. Caroline mai kayan miya ta naɗe tabarmarta, masu tuwo suka watse, ’ya’yanmu da suka iya fiɗa suka koma tuƙin keke. Shanun kasuwar Iware ta gabanmu ake wucewa da su, ba wurin yanka.

Ina teburin mai shayi ina ta zage-zage, Malam ya ce, “Jabir, wa kake zagi?” Na ce gwamnati. Ya ce, “Wacce? Uku ce a kanka. Ka san mai kasuwa a cikinsu?” Na ce, “Malam, boko ya lalata ka, gwamnati ai gwamnati ce.” Ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Tun ranar bai rabu da ni ba.

Ya kasance mutumin da ba ya raina jahilcinmu. Ya tara mu gindin mangwaro bayan La’asar, Musulmi da Kirista, mai Fulatanci da mai Mumuyanci, ya faɗa mana da Hausar da kowa ke ji cewa kasuwa da kwata aikin ƙaramar hukuma ne, kansila kuma ɗan aikenmu ne, ba ubanmu ba. Da aka fara cewa a rediyo za a sakar wa ƙananan hukumomi mara, kasonsu ya zo hannunsu kai tsaye, arziki ya farfaɗo, muka zo masa da murna. Ya ce, “Ku yi murna kaɗan. Ta ko’ina kuɗin ya biyo, in ba mai tambaya, inda ya saba tafiya can zai tafi.”

Ya kasance mai koyar da abin da ba a koyarwa. Ya kife turmi, ya ɗora masa hula, ya ce ga kansila, kowa ya tashi ya faɗi sunansa ya yi tambaya, ban da kirari. Wallahi akwai dattijon da ya durƙusa wa turmin nan ya ce ranka ya daɗe. Muka yi dariya har da hawaye. A hankali har mata suka iya tsare turmi da ido.

Ya kasance mai naci. Ya yi ta sintiri har kansilan wancan lokaci ya yarda ya zo. Ni aka ba tambayar farko. Ina miƙewa aka riƙe ni, aka ce, “Haba Baba, baƙo ko ruwa bai sha ba za ka tsare shi?” Aka yi gaisuwa, aka yi addu’a, aka kawo tuwo da kaji. Ya ci, ya wanke hannu, ya yaba miya, ya ce ana jiransa a wani taro. Muka raka shi har mota muna godiya. Da na dawo na tarar da Malam shi kaɗai yana tattara kwanuka, idonsa ya yi ja. Ya ce, “Jabir, ba tsoro ne ya gama da mu ba, kunya ce.”

Hajiya, mun san sau nawa kika ci tuwo mai sanyi kina jiransa yana yawon maganarmu. Ki yafe mana. Zulfa, babanki bai bar muku bene ba, amma ba gidan da za ki shiga a unguwar nan a bar ki a tsaye.

Zuwana na ƙarshe asibiti duba Malam, muryarsa ta dushe, sai da na kai kunne. Ya ce, “Manya sun amsa maganar kwata?” Na ce, “A’a, Malam.” Ya riƙe hannuna, hannun nan ya zama kamar kara. Ya ce, “Gindin mangwaro ba sa zuwa, amma ta’aziyya ba sa ƙin ta. In na tafi za su zo. Ka tambaye su kafin a buɗe kwano.” Na ce ya daina wannan magana. Bai daina ba, sai da na yi alkawari.

Mun gode wa duk wanda ya tako. Allah ya jiƙan Malam Sirajuddeen, ya yalwata kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya raya abin da ya bari. Amin.

Abinci ya nuna, yana cikin gida. Na roƙi Hajiya a dakata da shi, ta ce wasiyyar mijinta ce, ba ta da ta cewa. Ku yi haƙuri, manya, ba raini ba ne. Sunana Jabir, mahauci. Wa ya sa aka rushe kwatarmu, kuma yaushe za a gina ta? Ɗaya daga cikinku ya taso ya karɓi lasifikar nan.